Shirin gona na yara a dogon hutu a Amurka: me uwa za ta tanada?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekararmu biyu ke nan a jihar Maryland, kuma bana ne karo na farko da ni da maigidana duka za mu kasance a wurin aiki lokacin dogon hutun makaranta, wanda yake kamawa daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Agusta. Maƙwabciyata ta ba ni shawarar in sa 'yata mai shekara 8 a wani shirin jeka-ka-dawo da ake yi wa yara a gona, inda suke yini suna ba awaki da kaji abinci, suna shuka da cirar ciyawa. Ni cikin dabbobi na tashi a ƙauyenmu na Katsina, saboda haka gona ba ta ba ni tsoro. Tsarin mutanen nan ne ban sani ba. Don Allah waɗanda suka taɓa kai 'ya'yansu su haska mini hanya.

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Abu na farko shi ne ki hanzarta, domin wuraren da mutane suka yarda da su sukan cika tun watan Fabrairu ko Maris. Yawanci ana biya ne mako-mako, daga Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 9 na safe zuwa 3 ko 4 na yamma, kuma idan aikinki bai tashi a lokacin ba, ki tambaya ko suna tsare yara bayan an tashi, don wannan kuɗinsa daban ne. Za su nemi takardar rigakafinta da bayanin lafiyarta, su kuma nemi sunayen waɗanda kika yarje wa su ɗauko ta. Wanda sunansa ba ya cikin takardar, ko kawunta ne, ba za a ba shi ita ba.

Ki adana rasit ɗinki, ki kuma karɓi lambar harajin gonar. Tunda ku biyu kuna aiki kuma yarinyar ba ta kai shekara 13 ba, kuɗin shirin jeka-ka-dawo yana cikin abin da ake samun rangwamen haraji a kansa ta fom mai lamba 2441, saɓanin na kwana, wanda ba a lissafa shi. Idan farashin ya yi miki nauyi, ki bincika shirye-shiryen ƙungiyar 4-H mai horar da yara da matasa, wadda a jiharku take ƙarƙashin Jami'ar Maryland.

Hajiya Inna:
'Yata, ki ji da kyau, domin abin da ya fi damuna a gonakin wannan yankin shi ne kaska. Mu a gida mun san ta ƙatuwa, maƙale a kunnen saniya ko kare, ana ganinta daga nesa. Ta nan kuwa, wadda take yaɗa cutar Lyme, a lokacin zafi ƙaramarta ba ta kai ƙwayar riɗi ba, kuma cizonta ba ya zafi, har yaro ya yini da ita bai sani ba. Maryland tana cikin jihohin da cutar ta fi yawa. Sauƙin abin shi ne yawanci sai kaskar ta wuce yini guda a jiki kafin ta sa cutar, saboda haka duk ranar da ta dawo ki yi mata wanka, ki duba bayan kunnuwa da hamata da cibiya da bayan gwiwa, musamman kuma tsakanin kitso, inda ido ba ya saurin kaiwa. Idan kin ga kaska, ki sa hantsaki ki kama ta dab da fata ki ja a miƙe. Kada ki ɗiga mata mai ko ki kusanta mata ashana yadda muka saba. Ki rubuta ranar, domin idan zazzaɓi ko wani zagayayyen tabo ya bayyana cikin wata guda, likita zai tambaya. A fata irin tamu tabon ba lallai ya fito ja ba, yana iya zama duhu-duhu kawai.

Ki sa mata dogon wando da rufaffen takalmi, ban da silifas, ki ba ta hula da gorar ruwa. Ki kuma tabbatar akwai wurin wanke hannu da sabulu kusa da garken, don man goge hannu na kwalba ba ya kashe wasu ƙwayoyin gudawa da ake samu a kashin maruƙa.

Maman 'Yan Biyu:
Ni kuma batun abinci zan taɓo, don na sha kunya a kansa bara. Na dafa wa yarana shinkafa da nama, na barbaɗa yajin tsire, ban tuna cewa da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi ba. Ɗana da kansa ya faɗa wa malamarsu akwai gyaɗa a ciki, nan take aka ware kwanonsu aka kira ni a waya daga wurin aiki. Da farko raina ya ɓaci, sai da aka bayyana mini cewa akwai yaron da ko kaɗan ya ci numfashinsa yana iya sarƙewa, sannan na ga gaskiyarsu. Ki karanta dokarsu a kan gyaɗa tun kafin ranar farko. Sau da yawa babu firiji, sai ki sa ƙanƙara a jakar abincin.

Wasu gonakin suna kiwon alade. Ni na faɗa musu cikin ladabi cewa yarana ba za su yi aiki a wannan ɓangaren ba, aka mayar da su wajen kaji ba tare da wata gardama ba.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura batun salla, tunda mun fara saba mata da yin ta a kan lokaci.

Baban Sadik:
Wannan ba zai ba ki wahala ba. A watan Yuli azahar a Maryland tana shiga ne bayan ƙarfe 1, la'asar kuma sai wajen ƙarfe 5, saboda haka idan kin ɗauko ta ƙarfe 3 za ta iso gida, ta yi wanka, ki duba mata kitson, ta yi sallarta da sauran lokaci.