Ana ta ba da shaida, ni ina zaune: wai mece ce albarka ta ruhaniya?

Maman Ladi, Narayi

Salama 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a unguwar Narayi a Kaduna, keke biyu da yarinya ɗaya mai koyo. Tun ina budurwa a gidanmu na saba da addu'ar safe. Ƙarfe biyar nake tashi, in ta da yara, mu yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, mu karanta aya, maigida ya rufe da addu'a. Zakkata ba na wasa da ita. Akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin teburin yanka, duk ɗinkin da aka biya sai na cire kashi ɗaya cikin goma na jefa ciki kafin in taɓa sauran. Ba yabon kaina nake ba, so nake ku gane inda tambayar ta fito.

Lahadin da ta wuce muka yi sujadar godiya. Da aka buɗe lokacin shaida mutum shida suka fito. Ɗaya ya sayi mota, ɗaya ɗansa ya sami bizar Ingila, wata ta haihu bayan shekara tara, wani an ƙara masa girma a ofis. Na yi guɗa tare da kowa, musamman ga mai haihuwar, don na san hawayen da ta sha. Amma ina tafa hannu zuciyata tana lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aikina ya ja baya, wanda yake ɗinka kala uku a Kirsimeti yanzu ɗaya yake yi, wani ma tsohuwar rigar zai kawo a rage masa. Kuɗin hayar shago saura wata biyu, ban haɗa rabi ba. Ladi tana gida, an koro ta saboda kuɗin makaranta.

Sai ga fasto ya hau ya buɗe Afisawa 1:3, inda Bulus ya ce Allah ya riga ya sa mana kowace irin albarka ta ruhaniya a cikin Almasihu. Ya nanata cewa ya riga ya sa, ba zai sa ba. Na dawo gida ina jujjuya maganar. In na riga na samu, ina take? Me zan tashi in faɗa a gaban jama'a? Kuma abin da ya fi damuna, wanda ko maigida ban faɗa wa ba: addu'ar safen nan ta zame mini kamar wanke-wanke. Bakina yana waƙa, hankalina yana kan mai shago. Shekaranjiya na ce amin ban san me aka roƙa ba. Shin zunubi ne mutum ya ci gaba da ibada alhali ba ya jin komai a ransa? Ko gara in dakata har zuciyar ta dawo?

Baba na Kakuri

'Yata, sannu da ƙoƙari. Jikana ne yake buga mini wannan a waya, in kin ga kuskure nasa ne.

Ki fara da tambayar inda Bulus yake zaune lokacin da ya rubuta wannan ayar. A ɗaure yake. Ki duba farkon sura 3 da farkon sura 4, yana kiran kansa ɗaurarre, a sura 6 kuma ya ce shi jakada ne cikin sarƙa. Mutumin da ko ƙofa ba shi da ikon buɗewa ya fita, shi ne yake cewa an ba mu kowace albarka. Kuma bai bar mu cikin duhu ba, ya lissafa su a nan cikin sura ta fari: an zaɓe mu, an mai da mu 'ya'ya, an fanshe mu, an gafarta mana, an buga mana hatimin Ruhu Mai Tsarki. Ki karanta daga aya 3 zuwa 14 a hankali, ba za ki ga abu ɗaya da ake iya fakawa a ƙofar majami'a ba.

Ni ɗan ikkilisiyar ECWA ne, bari in ba ki labarin gidanmu. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan tamu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin kimanin shekara guda biyu suka mutu. Kent ya rasu a Bida, Gowans kuma a Girku, nan cikin jiharmu, a 1894. Bingham ya koma gida da ciwo a jikinsa. Sai a 1902 aka iya kafa tashar farko a Patigi, ECWA kuwa, wadda ta fito daga wannan aikin, ba a kafa ta ba sai 1954. To da a ce an kira Gowans lokacin shaida, me zai ce? Bai gina majami'a ba, bai ga taron masu bi ba, zazzaɓi ya cinye shi yana saurayi. Amma ni da nake miki magana, a dalilin wannan tafiyar mahaifina ya koyi karatu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Littafin yana nan a akwatina, bangon ya rabu, an ɗaure shi da zare.

Shekara ashirin da ɗoriya na yi a masaƙa. Ranar da aka rufe ƙofa muka tsaya a waje kamar marayu, haƙƙinmu ma sai da muka yi ta bi. A shekarun nan na binne abokan aiki da yawa, wasu ba ciwo ne ya kashe su ba, baƙin ciki ne. Ni ban fi su ƙarfi ba. Abin da na sani shi ne kullum da asuba akwai inda nake zuwa in sauke kayan, ko na ji daɗin saukewar ko ban ji ba. Don haka kada ki dakata. Manomi ba ya cewa yau ba na jin marmarin gona.

Ɗan Sabon Tasha

Baba, ina gaisuwa, kuma a gafarce ni, ban isa in ja da ku ba. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne. Amma akwai abin da yake ci mini rai in aka zo wannan maganar.

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa. Mama ta ce 'yarta tana gida babu makaranta, mu kuma muna ce mata albarkarta tana sama. Yakubu ya yi maganar wannan a wasiƙarsa, sura 2: ɗan'uwa ba shi da tufa ba shi da abinci, ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, ina amfanin? Masu bi na farko a Ayyukan Manzanni 2, waɗanda muke yabon naciyarsu ga koyarwa da addu'a a aya 42, su ne dai ayoyi biyu a gaba suke sayar da kayansu suna raba wa mai bukata. Ba a raba biyun ba. Mu ne muka raba.

Ni laifin lokacin shaidar nake gani. Mun mai da shi baje koli. Ku bi titi daga unguwar Television zuwa Sabo ku ƙirga allunan taron addu'a, kowanne alkawarin buɗi da ɗaukaka yake yi, har mu da muke cewa ba irin koyarwarmu ba ce abin ya shigo mana ta taga. Yaushe rabon da wani ya tashi ya ce, 'yan'uwa, na yi shekara biyar ba na magana da ƙanina saboda gonar gado, makon jiya na je na durƙusa? Wannan ai ita ce shaidar da ta fi mota. Amma wa zai yi mata guɗa? Sannan wanda ya sayi motar, na taya shi murna, sai dai ina ma a ce bayan an tashi ya tambayi dattawa ko akwai yaron da aka koro daga makaranta.

Mama, tambaya ɗaya: dattawan ikkilisiyarku sun san halin da Ladi take ciki? In ba su sani ba, ba su da laifi tukuna.

Baba na Kakuri

Yaro, ba ka yi rashin kunya ba. Na karɓi gyara, rabin maganar na faɗa ka kawo ɗaya rabin. Amma ka sassauta wa masu shaida, wadda ta haihu bayan shekara tara ba baje koli take yi ba.

Mama Zumunta, Ungwan Boro

Ƙanwata, maza sun yi ta kan albarka, ni bari in taɓa ɗaya tambayar taki, ta busasshiyar addu'a, don na kwana a wannan ɗakin.

Da a arewacin gari muke, hayin kogi. Rikicin Fabrairun 2000 ne ya ɗauko mu. Maƙwabcinmu Musulmi, Allah ya saka masa, shi ya ɓoye mu a ɗakin matarsa kwana biyu, ya sa mini hijabinta ya raka mu har barikin soja. Da ƙura ta lafa muka koma, gidan babu rufi. Ƙanin maigidana kuwa har yau ba mu ga gawarsa ba. Muka ƙetaro gada muka kama ɗaki ɗaya a nan kudu, mu takwas.

Wata bakwai ban iya addu'a ba. Ba wai ba na so ba, in na durƙusa sai in ji kamar an cusa mini tsumma a maƙogwaro. Kuma ni ce mai buga tulu a Zumuntar Mata, kowace Talata ina can da ankona, ina bugawa mata suna rawa, cikina kuwa kamar rijiyar da ta ƙafe. Na ɗauka munafunci nake yi. Na je na sami wata tsohuwa a cikinmu, ta rasu yanzu, na ce Mama zan ajiye tulun nan. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce in buɗe Zabura 88 in karanta mata da ƙarfi. Na karanta ina jiran inda mai zaburar zai juya ya ce amma duk da haka na gode, kamar yadda aka saba. Har na kai ƙarshe bai juya ba, da duhu ya rufe. Na ɗago kai na dube ta. Ta ce, to, wannan ma addu'a ce, kuma Allah bai ji kunyar barinta cikin littafinsa ba. Ta ce in ci gaba da buga tuluna, su za su yi addu'ar a madadina har in sami baki.

Haka aka yi. Ban san ranar da abin ya sake ni ba, babu wani mafarki ko wata murya. Wata safiya dai ina dama koko na ji ina waƙa ni kaɗai.

Shawarata, kada ki fasa tashin asuba, amma ki daina ɓoye mai shagon. Tunda hankalinki yana kansa, ki sa shi cikin addu'ar, ki ambaci kuɗin da adadinsa a gaban yaran da babansu. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Kuma ki faɗa wa maigidanki. Wataƙila shi ma amin ɗin kawai yake ja.

Maman Ladi, Narayi

Na gode ƙwarai, Baba, Mama, da kai ƙanina. Na karanta amsoshinku sau uku, ta Mama kuwa sai da na rufe shago na shiga ciki.

Ƙanina, a'a, dattawa ba su sani ba. Kunya ce ta hana ni. Ni da nake ɗinka wa matansu kaya, in je in ce an koro 'yata? Amma jiya bayan addu'ar Laraba na tsaya na sami ɗaya daga cikinsu. Bai yi mini alkawarin komai ba, ya rubuta sunan Ladi da ajinta a takarda ya ce za su zauna ranar Asabar. Ko me suka yanke, na dai sauke wannan.

Na faɗa wa maigida kuma. Mama, kamar kina ɗakin. Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce shi ya fi wata uku yana maimaita addu'a ɗaya, yana mamakin yadda babu wanda ya lura. Yau da safe ba mu yi waƙa ba. Na buɗe Afisawa 1 muka karanta har aya 14 kamar yadda Baba ya ce, kowa aya bibbiyu. Da aka zo kan hatimi ƙaramin ya tambaya ko irin wanda hedimasta yake bugawa a katin sakamako ne. Babansa ya ce kusan haka, alama ce cewa takardar tana da mai ita. Sannan na ambaci kuɗin haya, naira nawa ne, saura nawa. Muryata ta yi rawa, amma wannan karon na san abin da na ce wa amin.

Ba zan ce muku zuciyar ta dawo ba, ba ta dawo ba tukuna. Gwangwanin yana nan a inda yake. Baba, ki gaida jikanki zan ce, sai na tuna da ku nake magana: ku gaida mini shi, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Mama, wace Talata ce zan same ku a Ungwan Boro? Ina so in zo in ji tulun nan da kunnena.