Neman kalmar Hausa: me za a kira "kalori" a rediyo?

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri kan yadda mutum zai rage ƙiba ba tare da ya gana wa kansa azabar yunwa ba. Likitar da na gayyata ba ta jera magana biyu ba ta ce "kalori" ba, masu saurarena kuwa galibi matan aure ne da 'yan kasuwa. So nake su gane cewa idan abin da ke shiga ciki ya ɗan gaza abin da jiki ke bukata, teɓa za ta sauka sannu a hankali, kamar rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Wace kalma zan sa?

Ɗalibar kimiyya: Ma'aunin makamashi.

Nas daga Zariya: Ƙanwata, da kin ce makamashi, hankalin mutane fetur da lantarki zai tafi. "Awon kuzari" ya fi, don kowa ya san abinci ke ba da kuzari.

Malamin Hausa: Duk kun yi nisa. Tushen kalmar a Latin zafi yake nufi, kuma kalorin da ake rubutawa a jikin kayan abinci shi ne yawan zafin da zai ƙara wa ruwa kilo 1 ɗumi da digiri 1. Saboda haka na daɗe ina ba da shawarar a ce "zafau", a kan tsarin mantau da makarau. Gajeriya ce, tamu ce, tana da daɗin faɗa. Zafau ɗari, zafau dubu biyu.

Nas daga Zariya: Allah gafarta Malam, ginin kalmar ba laifi, amma za ta cutar da masu ciwon suga da nake gani kullum. Tsohuwa ta ji zafau, sai ta ɗauka shayi ne abin gudu, lemon kwalba mai raɓa kuma ba komai. Alhali shayin da ba suga ba madara kusan babu kalori a cikinsa, shi kuwa lemon gwangwani ɗaya yana ɗauke da suga wajen giram 35, kalori kusan 140. Inda abin yake ɓuya ma shi ne mai: giram 1 na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Babban cokali ɗaya na man gyada ya kai 120. Ƙosai da awara da masa, man da suka sha shi ke tara wa mutum tumbi, ko da sun huce.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar kalori muke ji a bakin likitoci. Ingilishi da Faransanci sun sha raba mana baki, mu ce lakwal ku ce makaranta, amma wannan kalma sun haɗu a kanta. Rediyonku har nan muna kamawa, ku bar mana ita yadda take.

Malamin Hausa: Wannan shi ne lalacin da nake kuka da shi. Magabata sun ga abin hawa yana tashi suka ce jirgin sama, ba su tsaya ara ba. Mu kuwa komai ya zo sai mu lanƙwasa masa baki mu ce Hausa ce. Harshen miliyoyin mutane a ce ya kasa haifar kalma ɗaya?

Ɗalibar kimiyya: To Malam, kilo da lita da mita fa? Su ma awo ne, kuma ba wanda ya ce sun rage wa Hausa daraja. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ma an ƙirƙira, yau kowa kwamfuta yake cewa.

Basakkwace: Ai Kanawa ne suka buɗe ƙofar aron nan, su ke cika magana da Turanci.

Ɗan Kurmi: Kada a jawo Kano ciki. Ƙamusun Hausa na 2006 a Jami'ar Bayero aka yi shi.

Basakkwace: Yin ƙamus daban, iya magana daban.

Hajiya mai abinci: Ku dai ku yi ta yi. 'Yata mai shiri, ni roƙona ɗaya, kada kalmar "rama" ta fito daga bakinki. A wajenmu wanda ya rame ciwo ne ko damuwa, ba macen da za ta so a ce mata ta rame. Ki ce rage ƙiba. Kuma ki yi musu bayani da abin da suka sani: malmalar tuwo ɗaya maimakon biyu, a yawaita zogale da ganye, a rage ludayin mai a miya.

Nas daga Zariya: Gaskiyar Hajiya. Ki haɗa da tafiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar.

Mai shirin lafiya: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi: farkon ambato zan ce "kalori, wato awon kuzarin da ke cikin abinci", daga nan in ci gaba da kalori. Malam, a yi mini afuwa, zafau ba za ta shiga wannan karon ba, saboda hujjar lemon nan.

Malamin Hausa: Awon kuzari dai Hausa ce, na yarda da wannan rabin. Amma ki riƙa maimaita ta a tsakiyar shirin, kada ki faɗa sau ɗaya ki watsar. Zafau kuma ban janye ta ba, zan kai ta gaban masana.