Tambaya kan wani tsohon birkin jirgin sama

Ɗan Gwangwan: Assalamu alaikum. Cikin tarkacen da na saya a Sakkwato na tsinci birki mai bututun roba kewaye da shi, an ce na jirgin sama ne. Yaya zan gane asalinsa?

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam, ɗana. Bututun yakan kumbura idan mai ya shiga, sai ya danna takalman birki jikin gangar taya. Kamfanin Goodrich na Amurka ya ƙera irinsa ga ƙaramin jirgin Piper Cub. Ka goge tsatsar a hankali, ka nemi lambar da aka buga.

Malamin Fasaha: Baba ya yi gaskiya, sai dai idan sunan Dunlop ka gani, na Ingila ne, kuma mai yiwuwa da iska yake aiki kamar na jirgin yaƙin Spitfire. Kada ka hura ƙurarsa, domin tsofaffin takalman sukan ƙunshi asbestos mai lahanta huhu.