Koyar da Turanci a ƙasar Larabawa tare da koyon Larabci: ina neman shawara

Malamin_Rigasa ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni malamin Turanci ne a wata sakandare mai zaman kanta a nan Kaduna, shekarata ta shida ke nan a aji tun da na kammala bautar ƙasa. Digirina na Turanci ne daga Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, daga baya kuma na yi difilomar koyarwa a Cibiyar Malamai ta Ƙasa. Tun ina Islamiyya a Tudun Wada nake da burin in iya Larabci iyawa ta haƙiƙa, domin ina iya biya littattafan da muka sauke a zaure, amma ba na iya riƙe hira da Balarabe ko ta minti biyu, kuma abin yana damuna ƙwarai. Shi ya sa nake tunanin in nemi aikin koyar da Turanci a Saudiyya ko Masar, in riƙa ciyar da kaina da iyalina da shi, ina koyon harshen a bakin masu shi. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Wace ƙasa ce ta fi dacewa, yaya tsadar rayuwa take, kuma wace biza ce ake nema? Akwai wanda ya ce mini in biya shi ya samo mini bizar Umara, idan na isa can zai haɗa ni da makaranta.

Abu_Safiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da maganarka ta ƙarshe domin ita ce ta fi tayar mini da hankali. Don Allah kada ka ba mutumin nan ko sisi. Bizar Umara ba ta halatta aiki, kuma wanda aka kama yana aiki da ita, ko ya wuce wa'adinta, tara ce da tsarewa da kora, sannan a hana shi komawa ƙasar na tsawon shekaru. Hanyar da doka ta sani ita ce makaranta ta ɗauke ka tun kana Najeriya, ta aiko da kwantiragi, a buga maka bizar aiki da sunanta, bayan ka isa kuma ta fitar maka da igama, wato katin zama, wanda ba ka iya buɗe asusun banki ko kama hayar gida sai da shi. A watan Maris na 2021 an sassauta tsarin kafili ta yadda sauya wurin aiki ya ɗan yi sauƙi, amma har gobe zamanka a ƙasar yana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke ka.

Na yi shekara huɗu ina koyarwa a Riyad. Ta fuskar kuɗi ban yi nadama ba: riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya, don haka abin da ka tara ba ya narkewa kamar yadda naira ta yi tun tsakiyar 2023, kuma ba a cire harajin albashi, sai dai harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari da ake biya a kanti tun 2020. Ka duba kwantiragi da kyau ka ga ko akwai gida ko kuɗin gida, da inshorar lafiya, da tikitin komawa gida duk shekara. Idan za ka tafi da iyali, ka sani akwai kuɗin da ake biya wa kowane mutum da ke ƙarƙashinka duk wata, kuma wannan ne ya sa na bar nawa iyalin a Unguwar Rimi.

Amma fa ga gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Ana biyanka ne domin ka yi Turanci daga safe har azahar, a makarantarmu ma an hana mu amfani da Larabci a aji. Abokan aikina 'yan Indiya ne da Fakistan da Afirka ta Kudu, mai shagon unguwarmu ɗan Bangaladash ne, ɗaliban kuwa duk wanda ya gan ni a waje so yake ya gwada Turancinsa a kaina. Sai da na shekara biyu na lura Larabcina bai wuce inda na baro shi a Kaduna ba, sannan na samu wani dattijo ɗan Sudan, ina zama da shi tsakanin magariba da isha sau uku a mako, daga nan bakina ya fara buɗewa. Wata matsalar kuma ita ce yawancin tallan aikin suna fifita masu fasfon Ingila da Amurka da Kanada da makamantansu, ko da ka fi su sanin nahawun Turanci. Takardar CELTA ta Kambirij, wato shaidar horon koyar da Turanci wadda ake yi cikin mako huɗu zuwa biyar tare da koyarwa a gaban masu sa ido, tana rage wannan tazarar sosai.

Maman_Hibba ta amsa:

Malam, ni a Alƙahira na zauna shekara uku tare da maigidana lokacin da yake karatu a Azhar, kuma na koyar da yara Turanci a wata cibiya. Idan Larabci ne gaba a zuciyarka, Masar ta fi, domin babu yadda za ka sayi gurasa ko ka hau mota ba tare da ka yi magana ba, kuma unguwar Madinatu Nasar cike take da cibiyoyin koyar da baƙi Larabci, har da malamai masu ɗaukar ɗalibi ɗaya-ɗaya. Sai dai ka shirya wa bambancin fusha, wato Larabcin littafi, da ammiyya, wato na yau da kullum. Ranar farko da mai kayan miya ya ce mini "izzayyik", ban gane gaisuwa ce ba. Jimun a bakinsu ya koma "ga", ƙaf kuma ya zama hamza, har kalmar da ka haddace tun kana yaro ta wuce ta kunnenka ba ka shaida ta ba. Fusha a aji da huɗuba da labarai take, ammiyya kuwa ita ce ta kasuwa, kuma dukansu biyu za ka buƙata.

Abinci da sufuri suna da rangwame ga wanda zai ci abin da 'yan ƙasa ke ci, ful da ta'amiyya da koshari, ya kuma hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Haya ce mai cin kuɗi, mu ta kusa cinye rabin abin da ke shigo mana, ga kuɗin dillali da na ajiya. Albashin kuma da fam ɗin Masar ake biya, wanda a Maris na 2024 ya faɗi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dala cikin yini ɗaya, saboda haka kada ka sa rai za ka riƙa aiko da wani abin kirki gida. Izinin aiki ma ba shi da sauƙi, domin doka ta taƙaita baƙi ga kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatan kowace ma'aikata, shi ya sa ƙananan cibiyoyi da yawa ke ɗaukar baƙo ba takarda. Ni haka ta faru da ni, kuma da aka riƙe mini albashin wata biyu ba ni da wurin kai ƙara.

Dattijon_Kawo ya amsa:

Ɗana, a da Sudan zan nuna maka, domin Jami'ar Afirka da ke Khartum ta yaye 'ya'yanmu masu yawa, amma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, har aka kwaso ɗalibanmu, wannan ƙofar ta rufe tukuna. Ka kuma duba wata hanyar dabam: Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura ta Makka suna da cibiyoyin koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, kuma suna bayar da gurbin karatu kyauta, sai dai izinin ɗalibi ba na aiki ba ne, kuma akwai iyakar shekaru. Ko wacce ka zaɓa, ka fara da takardunka tun yanzu. Ka sabunta fasfo, ka hau jirgin Rigasa ka kai shaidar karatunka Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje a Abuja su tantance, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka je, domin wannan zirga-zirgar tana cin watanni.

Malamin_Rigasa ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma, Baba. Na sanar da mai bizar Umara cewa na fasa. Bayanin Maman Hibba ya ja hankalina zuwa Masar, amma nauyin iyali ya sa nake ganin Saudiyya zan fara nema, kuma na riga na yi magana da wani malami a Tudun Wada da ya yi karatu a Madina za mu fara zaman hira da Larabci bayan asuba. Malam Abu Safiyya, ita CELTA ɗin, kafin ka tafi ka yi ta ko bayan ka isa, kuma makarantarku ta karɓi wadda aka yi ta intanet?