Masu gidan gem, a ba ni shawara: in sayi sabbin filayen Black Ops 2 ko in riƙe kuɗina?

Mai Gem na Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon gem a Samaru, PS3 uku da PS4 ɗaya. Yawancin masu zuwa ƙwallo ce ke kawo su, amma tun bara wasu ɗaliban ABU suka matsa mini har na ware talabijin ɗaya don Call of Duty: Black Ops 2. Mutum huɗu a talabijin guda, an raba allon gida huɗu, kowa ya ba da ɗari biyu. Wallahi talabijin ɗin nan ita ke saya mini man janareto.

Matsalar ita ce sun haddace filayen da ke cikin faifan, wato wuraren da ake fafatawa a cikin wasan. Hijacked, Raid, Standoff, Slums, duk sun san su kamar hanyar ɗakunansu. Akwai wani dogo mai karatun injiniya, ko idonsa a rufe ya san ta ƙofar da mutum zai ɓullo a jirgin ruwan nan na Hijacked, har sauran sun fara ƙin zama idan yana nan. Satin da ya wuce kuma wani ya dawo daga Kaduna yana ba su labarin ya ga filin dusar ƙanƙara mai suna Downhill da wani Grind. Tun ranar ban huta ba, kowa ya shigo sai ya ce "Oga, yaushe za ka sa mana sababbi?"

Na bincika, na ga kashi huɗu aka fitar a 2013: Revolution, Uprising, Vengeance da Apocalypse. A lokacin kowanne dala 14.99, filaye huɗu da na Zombies ɗaya (ɓangaren da ake haɗa kai a yaƙi gawarwaki masu tafiya), ko kuma a haɗa duka a dala 49.99. Ku lissafa da canjin yau. Kuɗin da ke hannuna na ajiye ne don sayen hannu biyu, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, a madadin waɗanda suka fara ja gefe. Wanda ya taɓa saya, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Mai Gyara a PZ ya amsa:

Wa alaikumus salam. Oga, kafin ka ciro ko sisi, ɗauki kwalin faifanka ka duba gefensa. In ka ga lambar ta fara da BLUS, na Amurka ne. In BLES ne, na Turai ne. Faifan kansa zai yi a kowace PS3, amma filayen da za ka sauke dole su zo daga shagon yankin da faifan ya fito. Mu a nan da akawun ɗin Amurka ko na Ingila muke amfani, faifai kuma ɗan gwanjo ne, daga ko'ina yake zuwa, to nan ake samun tangarɗa.

Ni na faɗa ramin da kaina. Na sayi katin dala, na kwana ina saukewa da datar dare, asuba na kunna, wasan bai ma san na sayi komai ba. Akawun na Amurka, faifai na Turai. Laifina ne, ban duba ba. Sai da na yawata Sabon Gari neman faifan BLUS.

Abu biyu kuma. Tun watan Oktoba na 2021 shagon PS3 ba ya karɓar katin banki kai tsaye, sai ka loda wa akawun ɗin kuɗi da katin PSN, wato katin kuɗi na shagon PlayStation. Sannan abin da ka saya da akawun ɗaya, PS3 biyu kawai zai buɗe wa, kai kuwa uku gare ka. Ka duba ma ko akwai sauran wuri a cikin na'urar, don kowane kashi ya haura giga ɗaya.

Tsohon Hannu ya amsa:

Ɗan'uwa, ni dai da a ce shagona ne, hannu zan saya. Bari in faɗa maka dalili, ka yi haƙuri da tsawon.

Ina cikin waɗanda suka ga lokacin da wannan ciniki yake kan ganiyarsa. A 2010 aka fitar da Stimulus Package na Modern Warfare 2, dala 15, filaye biyar, biyu daga ciki, Crash da Overgrown, tsoffin filayen Call of Duty 4 ne aka sake wa fenti. Mutane suka yi ta gunaguni, suka kuma saya. A cikin waɗanda kake son saya ma haka abin yake: Studio ai Firing Range ne na Black Ops na farko, Uplink kuma Summit ne. Wanda ya taɓa buga na farkon, minti biyu zai gane gidansu.

Abin da ya kashe kasuwar shi ne raba jama'a. Abokai shida suna wasa ta intanet, uku sun saya, uku ba su saya ba, to ko dai a bar sabon filin ko a bar abokai. Bayan 'yan watanni sai wanda ya biya kuɗi ya rasa da wa zai buga abin da ya biya. Titanfall 2 a 2016 ya ce filayensa kyauta ne, Modern Warfare na 2019 ma ya bi sahu, suka koma sayar da kayan sawa da fentin bindiga. Su da kansu sun ga ba ta ɓullewa.

Amma ka lura da abin da ya daɗe a hannun mutane. Wasannin da 'yan wasa suka ƙirƙiro da kansu ne. A Halo 2 na 2004 babu wani tsarin Zombies a cikin faifan. Yara ne suka yi yarjejeniya da baki: mutum ɗaya ya ɗauki takobi kawai, duk wanda ya sara sai ya sauya ɓangare da hannunsa ya koma wajen mai takobin. Babu abin da ke tilasta maka sai kunya. Abin ya yaɗu har Bungie, kamfanin da ya yi Halo, suka saka shi a Halo 3 a 2007 da sunan Infection. Gun Game ɗin da ke cikin faifanka yanzu, wanda kowane kisa ke canza maka makami har guda 20, daga masu yi wa Counter-Strike kwaskwarima a kwamfuta ya samo asali. Prop Hunt, inda mutum ke rikiɗa ya zama kujera ko durom ya laɓe, daga wasan kwamfuta na Garry's Mod ya yi suna kafin Call of Duty ta ɗauka.

Mu 'yan Zazzau wa zai koya mana wannan? Da muna yara a Tudun Wada fili ɗaya gare mu a ƙofar gida, a nan ake langa, a nan ake ɓuya, a nan ake ƙwallon tsumma, ba mu taɓa cewa a canza mana unguwa ba.

Shiga Custom Games a faifan naka. Za ka iya rage rai zuwa ɗaya, ka hana wasu makamai, ka cire ƙaramar taswirar kusurwa, ka ƙara 'yan wasan kwamfuta. A wani shago da nake zuwa a Kongo shekarun baya muna da wasan da muke kira Kura. Mutum ɗaya ne Kura, wuƙa kawai yake riƙewa. Sauran uku ba su da izinin harbi, gudu da ɓuya ne nasu, sai an saura mutum ɗaya sannan ya juyo ya kare kansa. Wanda aka fara kamawa shi ne Kurar gaba. A Standoff muke yi, kuma mun shafe fiye da wata uku ba wanda ya nemi wani fili. Dogon injiniyan nan naka, ku naɗa shi Kura ku ga ko haddar tasa za ta yi masa rana.

Ɗan Kwangila ya amsa:

Yaya Tsohon Hannu, ka yi magana, amma a gafarce ni, rabin hujjarka ba ta shafi Oga ba. Raba jama'a matsalar masu intanet ce. Shi mutanensa huɗu ne a benci ɗaya, in ya saya duk sun samu. Wa aka bari a baya?

Kuma tunda ka ɗauko Halo, ka manta da Grifball, wasan nan na guduma da bam da mutanen Rooster Teeth, masu shirya bidiyo a intanet, suka ƙirƙira. A kan wane fili aka gina shi? Foundry na Halo 3, wanda ya zo cikin Heroic Map Pack a Disambar 2007, kuma da kuɗi aka sayar da shi kafin daga baya a sake shi kyauta. Filin kamar sito yake, ana iya kwashe kayan cikinsa ya zama fanko, da Forge, wato tsarin gyara fili na cikin wasan, mutane suka yi ta jera akwatuna suna gina abin da suka ga dama. Ke nan wani lokacin sai an sayi ƙasar kafin a yi ginin.

Oga, in za ka saya, kar ka kwashi huɗun. Ɗauki ɗaya, kuma don Zombies za ka ɗauka, ba don Grind ba. Uprising na da Mob of the Dead, a kurkukun Alcatraz, Apocalypse na da Origins. Waɗannan ba tsohon kaya ba ne. Sai dai ka sani, 'yan Zombies ba sa tashi da wuri, zama ɗaya kan ci awa guda ko fiye, don haka da agogo za ka caje su, in ba haka ba ɗari biyunsu za ta ƙone maka lita guda. Filin Nuketown 2025 kuwa tun 2013 aka sake shi kyauta, in ba ka da shi fara da wannan.

Mai Gem na Samaru ya dawo:

Allah ya saka da alheri duka. Mai Gyara, ka cece ni. Na duba, faifaina biyu ne ashe ba iri ɗaya ba, ɗaya BLES ɗaya BLUS, ban taɓa lura ba.

Jiya bayan isha'i na gwada Kurar. Da farko sun yi mini dariya, wai Oga ya kawo wasan yara. Zagaye na uku har masu ƙwallo sun ajiye hannu sun zo kallo. Dogon ya zama Kura sau ɗaya, ya share su cikin minti biyu, sai muka gano allonsu yake leƙawa yana ganin inda suka laɓe. Aka yi ta musu, har mai shayin da ke gefenmu ya leƙo ko faɗa ake. A ƙarshe muka yanko kwalin taliya muka manna a tsakiyar talabijin da salatif, Kura ya zauna a ƙasa, sauran a benci. Kwalin ya faɗo sau biyu. Wani kuma ya harbi Kura tun suna su uku, ya rantse hannun ne ya danna da kansa, kuma abin haushin ba zan iya ƙaryata shi ba, don ɗaya daga cikin hannayen da suka lalace ne a wajensa.

Saboda haka gobe zan shiga Sabon Gari in sayo hannu biyun. Ɗan Kwangila, maganar Mob of the Dead ba ta faɗi ƙasa ba, amma sai bayan jarabawa in na ga yadda ciniki ya kasance, don da an tafi hutu Samaru kan zama kamar an yi shara. Yanzu abin da ya rage mini: wanda ya karya dokar Kura ya yi harbi, me kuke yi masa a Kongo? Nawa sun ce ya biya kuɗin zagayen kowa, ni kuma ina tsoron kar a fara bin juna bashi a shagona.