Wutar sola a tsibiran Volta: gwamnati ko ɗan kasuwa?

Alhaji Danlami, Kumasi: Jama'a, ni a ganina gwamnatin Gana ta cire hannunta daga wutar tsibiran tafkin Volta. A bar 'yan kasuwa su kafa sola, su yanka farashin da zai dawo musu da jarinsu. Kayan gwamnati ba mai kula da shi.

Hajiya Rabi, Yeji: Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Me ya haifar da tsibiran nan? Madatsar Akosombo ce, da aka kammala a kan kogin Volta a 1965. Ruwa ya cinye garuruwa, aka tashi mutum wajen 80,000, tuddai suka koma tsibirai. Wutar ta tafi Akara da Tema, har Togo da Benin ake sayar wa, amma na tsakiyar ruwan da tocila suke kwana. Yanzu kuma su biya fiye da na birni?

Musa mai gyaran sola: Hajiya, gaskiyarki. Shi ya sa ƙananan tashoshin sola biyar da aka kafa da kuɗin Bankin Duniya, irin na ƙauyukan Kudorkope da Aglakope, aka danƙa su ga VRA, hukumar gwamnati mai kula da madatsar Akosombo, kuma farashi ɗaya ne da na sauran ƙasa. Amma Alhaji bai yi ƙarya ba. Farantin sola yana haura shekara 20 yana aiki, batir kuwa 'yan shekaru ne ya mutu. Ga nauyi, sai a kwalekwale za a tsallaka da shi. Kuɗin mita ba zai sayi sabo ba.

Alhaji Danlami: To ka gani! Ranar da batir ya mutu, wa za a kira?

Hajiya Rabi: Wanda ya toshe kogin. Kuma ku daina lissafi da ƙwan fitila da cajin waya kawai. Matan da nake sarin kifi a wurinsu kwana suke a bakin banda, idanu jajur saboda hayaƙi, ga itace ya yi tsada, don kifi ba ya jiran jirgin kasuwa. A ba su wutar da za ta ja firji da injin ƙanƙara, su sayar da ɗanye da daraja, ka ga ko ba za su biya ba.

Musa: Firji na cin wuta dare da rana, Hajiya. Sai an ƙara batir.

Hajiya Rabi: A ƙara mana, ɗana. A kai lissafin Akosombo.

Alhaji Danlami: Na yarda da ƙanƙara. Amma gyara a ba ɗan kasuwa kwangila, ya ajiye ma'aikaci a tsibirin.