Shawarwari kan Sabunta Ƙa'idojin Kare Namun Daji a Ayyukan Lantarkin Iska da Rana

A tattaunawar da aka yi kan sabunta waɗannan ƙa'idoji, abin da aka fi nanatawa shi ne tsawon lokacin binciken da ake yi kafin a gina tasha. Ƙirgen tsuntsaye na mako biyu ba ya nuna hanyar tsuntsaye masu ƙaura, don haka a wajabta binciken shekara guda aƙalla, biyu inda gaggafa ke sheƙa. Batun jemagu ya fi taɓa ni. Farfelar injinan iska ta fi kashe su a dararen da iska ta lafa, sai aka ba da shawarar a hana ta juyawa har sai gudun iska ya kai mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa. Wutar da ake asara kaɗan ce. An kuma nemi a riƙa auna illar tashoshin yanki ɗaya a haɗe, a ci gaba da ƙirga mushe bayan an fara aiki.